Tsohuwar motar gudu a zafin Yamai: 5W-30, 5W-40, 15W-50 ko 10W-60?

Duk wanda ya ajiye tsohuwar motar gudu a Yamai ko Tawa, irin su BMW E36 da E46, Golf GTI, Toyota Celica, Peugeot 406 mai ƙofa biyu ko Mercedes SLK, shawara uku yake samu kan man inji ranar juye, kuma ba sa haɗuwa. Littafin motar, in ma yana nan, ya ce 5W-30 ko 5W-40. Bakanike ya ce, "Alhaji, wancan na ƙasar Turawa ne, mu nan rana gare mu, a sa mata 20W-50." Mai shago kuma ya sauko da jarkar da ta fi kowacce tsada ya ce ita ce ta masu gudu. Kowanensu yana da ƴar gaskiyarsa. Amma injin ɗaya ne, in kuma ya buga ba a bakin titi ake tsintar kayansa ba, balle bayan rufe iyakar Gaya a 2023, da kaya suka koma zagayowa ta Lome.

Abin da lambobin nan biyu ke faɗa

Lambar da ke gaban W ta sanyi ce. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ita ta tsara ma'aunin, kuma sanyin da ake gwajin a cikinsa mu ba mu san shi ba: 0W ana gwada shi a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, 20W a 15. Asubahin Janairu a Yamai ko Tawa, lokacin da kowa ke naɗe da bargo, digiri 15 ne sama da sifili ko kusa da haka. Ke nan ba wani mai a cikinsu da zai daskare mana. Wannan bai sa lambar ta tashi a banza ba, domin a digiri 40 kaurin 20W-50 ya kusa ninka na 5W-40, kuma hakan na nufin ya fi daɗewa kafin ya hau saman inji in an tayar da shi da safe.

Lamba ta biyu ita ce tamu. Kaurin man ne a digiri 100, zafin da inji ke aiki da shi. Mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin kauri da ake kira cSt, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 daga 16.3 zuwa 21.9, mai 60 kuma daga nan zuwa 26.1. Lura da faɗin kowane gida. Akwai 30 mai kauri da ya kusa taɓa 40, akwai 40 da ƙyar ya wuce 30. Jarka biyu masu lamba ɗaya ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Maganar bakanike kan rana tana da gyara. Injin da ruwa ke sanyaya shi, in lagireto da fanka da tamostat lafiya suke, zafinsa yana tsayawa wajen digiri 90 ne, a Yamai yake ko a Jamus. Abin da ranar Afrilu ke yi, lokacin da zafi ke haura 40, shi ne ta cinye rarar da injin ke da ita. Ka tsaya a cunkoson Gadar Kennedy da AC a kunne, ko ka taka mota daga Doso zuwa Dogon Dutsi da tsakar rana, man zai fi ruwan zafi sosai, ya kai 120 ko ya wuce. A nan ake gane man da ke da ƙwari. Sai dai maganin wannan ba kullum ƙarin kauri ba ne, sau da yawa wankin lagireto ne. Cire tamostat da wasu kanikawa ke yi wai don motar ta huta da zafi kuwa, ɓarna ce: injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, fetur yana gangarawa cikin mai ya tsinka shi.

Ma'aunan da za ka ɗora kowane mai a kai

Na farko, amincewar kamfanin da ya ƙera motar. Juya jarkar ka karanta bayanta, can ne magana take. Motocin Turai na shekarun 1990 da 2000 galibi ACEA A3/B4 suke so, wato ma'aunin ƙungiyar kamfanonin motoci ta Turai, tare da lambar kamfaninsu: BMW Longlife-01, Mercedes 229.3 ko 229.5, Volkswagen 502 00, Porsche A40. Motocin Japan sun fi bin haruffan API, cibiyar man fetur ta Amurka: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Akwai bambanci tsakanin jarkar da ta ce kamfani ya amince da ita da wadda ta ce kawai ta dace da buƙatarsa. Ta biyun mai man ne ke yabon kansa.

Na biyu, lafiyar injinka yau, ba ranar da ya fito daga masana'anta ba. Wannan shi ne ma'aunin da aka fi tsallakewa, kuma bai da tsada. Ka fita da motar kamar rabin awa har ta yi zafi sosai, sannan bakanike ya kwance ɗan abin da ke kunna fitilar mai ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinsa. A karanta a silo, a sake karantawa an taka zuwa juyi 3,000 a minti. Abin da littafin gyaran motar ya ce shi ne hukunci, in babu shi kuwa tsohuwar ƙa'idar kanikawa ita ce kusan bar 0.7 (bar shi ne ma'aunin agogon) a kowane juyi 1,000. Kada ka dogara da jar fitilar gaban mota. Ita sai ƙarfin ya faɗi zuwa rabin bar ko ƙasa take kamawa, lokacin an riga an yi nisa. Ka kuma buɗe murfin zuba mai ka haska ciki da fitilar waya. Ƙarfe mai ruwan zinariya alamar an kula da shi ne. Baƙin datti mai danƙo a maƙale kuwa yana canza lissafin gaba ɗaya, zan zo kansa.

Na uku, ƙwarin man a tsananin zafi da matsi. Akwai gwajin da ake kira HTHS, ana yin sa a digiri 150, kuma shi ya fi kusa da abin da ke faruwa tsakanin sandar inji da matasan ƙarfen da take juyawa a kansu sa'ad da ka taka mota iyakar takawa. Ba kasafai ake rubuta shi a jarka ba, amma A3/B4 yana ba ka tabbacin 3.5 ko sama. Ga motar gudu a ƙasar nan, ni ba na sauka ƙasa da wannan.

Na huɗu, sinadarin zinc da fosfaros da ake kira ZDDP, wanda ke kare wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe, musamman kamshaf, sandar da ke buɗe bawul. Tun 2004 aka taƙaita fosfaros zuwa kashi 0.08 cikin 100 a mayuka marasa kauri irin 5W-30 na tsimin fetur, saboda yana kashe katalis, abin tace hayaƙi da ke cikin salansa. Masu lamba 40 da 50 wannan iyakar ba ta hau kansu ba. Injin shekarun 1970 da 1980 yana son zinc da ɗan yawa. Na bayan 2000 bai damu sosai ba.

Sai kuɗi da samuwa. A nan ka lissafa da lita nawa injinka ke ci. Golf GTI ta da lita 4 ce ko kusa, jarka ɗaya ta wadatar. Injin BMW mai silinda shida, M52 ko M54, lita 6.5 yake sha, ke nan jarkar lita 5 ba ta isa, sai ka ƙara ƙanana biyu. Man da ba za ka samu na ciko ba a Ƙonni ko Tawa in gejin ya sauka, shi ma wahala ne.

Kalmar sintetik kanta tana da faɗi. Tun wata takaddama tsakanin Mobil da Castrol a Amurka a 1999, an yarda a kira man ƙasa da aka tace matuƙar tacewa, wato rukuni na III, da wannan suna. Yawancin abin da ke kasuwa shi ne. Rukuni na IV da na V, PAO da ester, su ake haɗawa tun daga tushe, sun kuma fi tsada. Ga motar da ake hawa a titi, rukuni na III mai amincewar kamfani ya ishe ka, kada wani ya tsorata ka.

5W-30

Shi ne mai fuska uku. Akwai 5W-30 na tsimin fetur, mai tambarin ILSAC, ma'aunin kamfanonin motocin Amurka da Japan, ko ACEA A5/B5, wanda HTHS ɗinsa ke wajen 3.0. An yi shi ne don sababbin injuna masu matsattsun gaɓoɓi. A tsohuwar motar gudu mai kilomita 200,000 a wuya, da rana ta take, wannan ya yi ruwa da yawa: ƙarfin mai zai faɗi a silo, shan mai zai ƙaru. Akwai kuma 5W-30 mai A3/B4 ko Longlife-01, wanda kusan 40 ne da rigar 30. Shi ba laifi gare shi ga E46 mai lafiya ko Celica mai VVT-i, tsarin Toyota na sarrafa buɗewar bawul.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na uku: 5W-30 mai ACEA C3 ko Longlife-04. Shi ya cika kantuna saboda motocin dizal na zamani masu matatar hayaƙi. An rage masa sinadaran da ke kashe tsamin da ƙonewar fetur ke bari, don haka bai jure fetur mai sulfur da yawa. BMW da kanta ta ce kada a sa Longlife-04 a injin fetur a wajen Turai. Mai shan fetur na kwalba a bakin hanya ya yi nesa da shi.

Samunsa da sauƙi a Yamai, kuɗinsa tsaka-tsaki zuwa sama. Haɗarinsa shi ne ka ɗauko wanda ba naka ba alhali lambar gaban jarkar daidai take.

5W-40 da 0W-40

In aka ce in zaɓi mai ɗaya ga yawancin motocin da na lissafa a sama, ba tare da na ga injin ba, 5W-40 mai A3/B4 zan ce. Dalilai uku ne. Yana hawa saman inji da sauri in an tayar, wanda ke da muhimmanci ga motar da ke kwana huɗu ko mako a rufe ba a taɓa ta ba, kamar yadda motocin marmari suke. Yana da kaurin da zai riƙe a digiri 120 ko 130. Sannan yana bin ƙananan hanyoyin da tsarin VANOS na BMW, VVT-i na Toyota da VTEC na Honda ke aiki da su, domin waɗannan duka da ƙarfin mai suke sarrafa buɗewar bawul, mai kauri fiye da kima yana sa su nawa. In motarka tana da turbo, irin Golf GTI 1.8T ko Audi TT, to maganar ta ƙare a nan: sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti cikin zafin hayaƙi, man gargajiya yana ƙonewa a bututunta ya toshe shi. Ko da sintetik ɗin ma, in ka dawo daga doguwar tafiya ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a silo kafin ka kashe.

Sunayen da aka sani a wannan gida sun haɗa da Quartz 9000, Shell Helix Ultra, Motul 8100 X-cess da Mobil 1 0W-40. Ban fifita ɗaya ba, in dai lambar kamfanin motarka tana bayan jarkar. Tsakanin 0W-40 da 5W-40, a yanayinmu ba abin da 0W zai ƙara maka da ya kai bambancin kuɗinsa, kuma wasu 0W-40 suna ɗan tsinkewa zuwa 30 mai kauri bayan an yi tafiya da su.

Rauninsa: injin da ya riga ya gaji. In awo ya nuna ƙarfin mai yana ƙasa, ko motar tana fitar da shuɗin hayaƙi in an saki totur aka sake takawa, 5W-40 zai riƙa raguwa a geji fiye da yadda kake so.

Akwai kuma zancen yoyo, wanda shi ne babban abin da ke hana mutane barin man gargajiya. Ana cewa sintetik yana fasa robobin inji. Asalin zancen gaskiya ne na shekarun 1970, lokacin da PAO zalla ke sa roba ta ƙanƙance. Tuni aka gyara haɗin. Abin da ke faruwa yanzu daban ne. Roba mai shekara 25 ta bushe ta tsage tun tuni, dattin tsohon mai ne ya liƙe tsagar. Sabon man ya wanke dattin, sai ɗigo ya bayyana a ƙasan mota. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: mai tsohuwar BMW ya sa kuɗin robar murfin saman inji da ta gidan filta a lissafinsa tun farko. In kuma ka haska ka ga dattin nan mai danƙo da yawa, kada ka yarda a zuba maganin wankin inji mai ƙarfi, domin dattin da ya ɓalle lokaci ɗaya yana toshe ragar famfon mai. A kwance kaskon ƙasa a wanke da hannu, sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa, kowane bayan kilomita 2,000 zuwa 3,000.

10W-40 da ake sayarwa ko'ina galibi rabi-da-rabi ne, wato haɗin sintetik da man gargajiya, irin Quartz 7000. Ga inji marar turbo da ake yi wa juye a kan kari, ba abin kunya ba ne, ya kuma fi sauƙin kuɗi.

15W-50, 10W-50 da 20W-50

Nan ne maganar bakanike ta zama gaskiya. Littattafan motocin shekarun 1980, irin BMW E30 da Mercedes 190E, suna ɗauke da jadawalin zafin gari, kuma a ɓangaren ƙasashe masu zafi 15W-40, 15W-50 da 20W-50 ne a rubuce. An ƙera injunan da sarari mai ɗan faɗi tsakanin ƙarafa, shekaru kuma sun ƙara faɗaɗa shi. Mai lamba 50 yana cike wannan sarari, ya ɗaga ƙarfin mai a silo, ya rage shan mai, ya kwantar da ƙarar bawul. HTHS ɗinsa yakan haura 4, kuma da yawansu, irin Mobil 1 15W-50, suna da zinc fiye da na yau da kullum.

Injin da iska ke sanyaya shi kuwa, irin tsohuwar Porsche 911, man ne ruwan lagiretonsa, zafin gari yana shigarsa kai tsaye. Porsche da kanta ta fitar da man tsofaffin motocinta a 2014: 20W-50 ga 356 da 914 da 911 har zuwa mai lita 2.7, sai 10W-60 ga masu lita 3.0 zuwa sama.

Abin da za ka biya a madadin haka: fetur zai ɗan ƙaru, motar za ta ɗan yi nauyi kafin ta yi zafi, kuma mai kauri yana tafiya a hankali, don haka bai kwashe zafi da sauri kamar marar kauri. Babban haɗarin dai shi ne ya rufe maka ido. Ƙarar da ta lafa ba ta warke ba. In 5W-40 ya kasa riƙe ƙarfin mai, 50 kuma da ƙyar yake riƙewa, to matasan ƙarfen nan ko famfon mai ne ke neman canji, kuma canza su kafin sandar inji ta ci ya fi arha nesa ba kusa ba.

Wajen samuwa, 20W-50 na gargajiya yana ko'ina har ƙauye, shi ne ma mafi arha. Amma 15W-50 ko 10W-50 na sintetik sai an nema, wani lokaci sai an yi oda. Kada a ba ka na babur a madadinsa don lambar ta zo ɗaya; wanda aka rubuta 4T da JASO MA an haɗa shi ne don kulocin babur da ke jiƙe cikin mai.

10W-60

Wannan shi ake ɗauko wa mutum in an ga motarsa tana da ƙofa biyu da faffaɗar taya. An yi shi ne don injuna ƙalilan. BMW ta wajabta shi ga M3 E46 mai injin S54, M5 da M6 masu silinda goma, da M3 mai silinda takwas da ta biyo baya. Wasu Alfa Romeo ma shi suke so. In motarka tana cikinsu, ba ka da zaɓi, kuma ka yi haƙuri da taka ta har sai man ya yi zafi, domin a sanyaye kaurinsa ya kai na 20W-50. In kuwa 320i ce ko 328i ko 330i, ko da an manna mata harafin M a baya, injinta bai buƙace shi ba. Za ka biya kuɗi mafi yawa ka sayi ƙarin shan fetur da nawar VANOS.

Tazarar da ke tsakanin 10 da 60 da sinadaran ƙara kauri ake cike ta, su kuma suna yankewa da aiki, don haka bayan ƴan dubban kilomita yakan sauko kusa da 50. Samunsa a Yamai sai an sha yawo, a Tawa kuwa ka taho da abinka. Man tsere irin Motul 300V shi ma haka: nagari ne ƙwarai, amma don a yi gudu a zubar aka yi shi, ba don ya yi wata takwas a mota ba.

| Mai | Ƙwari a zafi | Tashin safe | Kuɗi | Samuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| 5W-30 na tsimin fetur ko C3 | Kaɗan a na tsimin fetur, mai kyau a C3 | Da sauri | Tsaka-tsaki zuwa tsada | Da sauƙi | Tsinkewa, rashin jure fetur marar kyau |
| 5W-30 A3/B4 | Mai kyau | Da sauri | Tsaka-tsaki zuwa tsada | Sai an duba | Rikita shi da na sama |
| 5W-40 ko 0W-40 A3/B4 | Mai kyau | Da sauri | Tsaka-tsaki zuwa tsada | Da sauƙi a Yamai | Jabu, bayyanar tsohon yoyo |
| 10W-40 rabi-da-rabi | Matsakaici | Daidai | Da sauƙi | Ko'ina | Gajiya da wuri, bai dace da turbo ba |
| 15W-50 ko 10W-50 | Sosai | A hankali | Tsada | Da wuya | Ɓoye lalacewar inji |
| 10W-60 | Mafi ƙarfi | A hankali | Mafi tsada | Da wuya ƙwarai | Nauyi ga injin da ba nasa ba |

Jabu da ƙura

Duk wannan lissafin yana rushewa in abin da ke cikin jarkar ba shi ne a rubuce ba, kuma man da ya fi suna shi aka fi yi wa jabu. A ganina, jabun mai da ƙura sun kashe injuna a ƙasar nan fiye da kuskuren lamba. Ka sayi mai a gidan mai ko wurin dillalin da ke ba da rasit. Duba zoben murfin: ya kasance a haɗe, ya kuma tsinke da ƙara sa'ad da ka murɗa. Duba lamba da ranar da masana'anta ta buga a jikin robar, jabu yakan zo da rubutu mai gogewa da yatsa ko takarda a karkace. In farashin ya faɗo ƙasa da na kowa da nisa, araha ba ta ado. Ka tsaya a buɗe jarkar a gabanka, a zuba a gabanka, in an gama ka sa wuƙa ka huda ta. Yaran da ke bin gareji suna sayen jarkokin da ba komai, ba duka ne don ɗiban ruwa ba. Filta ma haka, ta jabu takardar cikinta kan yage, mai tsada ya riƙa zagayawa da datti.

Ƙura kuwa ba man da ke maganinta. Daga Nuwamba zuwa Maris, yashin hunturu ta matatar iska yake shiga, ya cinye zoben fistin. Busa matatar da iskar kwamfaresa da ake yi a gareji yana huda takardar. A canza ta kawai. Saboda ƙurar nan da zafi da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari, kilomita 15,000 ko 20,000 da littafin Turai ya yarda da su ba namu ba ne. Ni ina tsayawa tsakanin 5,000 da 7,500 da sintetik, ko shekara ɗaya in motar ba ta fita sosai, duk wanda ya riga zuwa. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki sintetik a wannan tazarar ba, gara ya sa 10W-40 na gaske ya riƙa juye a kan lokaci da ya sa mai tsada ya ja shi shekara biyu.

Wa ya dace da wanne

Mai E36, E46, SLK, 406 ko Celica da awo ya nuna injin lafiya, yana hawanta cikin Yamai da ɗan fita ƙarshen mako: 5W-40 mai A3/B4 da lambar kamfanin motarsa. In littafin ya ce 5W-30 kuma motar ba ta shan mai, 5W-30 mai A3/B4 ko Longlife-01 ma ya yi, amma ban da C3.

Mai turbo: cikakken sintetik 5W-40, ba rabi-da-rabi ba, da juye a ƙasan tazarar da na faɗa.

Mai yawan bin hanyar Yamai zuwa Tawa, kilomita fiye da 500 cikin rana, da motar shekarun 1990 da ta fara ɗan shan mai: ya fara da 5W-40 ya riƙa duba geji a kowane shan fetur. In tana cin abin da ya kai lita a kilomita 1,500, ko ƙarfin mai ya yi ƙasa a silo bayan doguwar tafiya, ya hau 10W-50 ko 15W-50, ya kuma fara tara kuɗin buɗe inji. Lita ɗaya ta ciko kada ta bar but.

Mai E30, 190E, Golf GTI ta farko ko ta biyu, ko 205 GTI, musamman wadda ba a taɓa buɗe injinta ba: 15W-50 na sintetik in ya samu. In bai samu ba, 20W-50 ko 15W-40 na gaske daga gidan mai, da juye kowane kilomita 4,000 zuwa 5,000.

Mai injin da aka sake ɗaurawa da sababbin zobe: man gargajiya 15W-40 na kilomita 1,000 zuwa 1,500 na farko har zoben su zauna, sannan ya koma lambar da littafi ya ce.

Mai M3 E46, M5 mai silinda goma ko 911 mai sanyin iska daga lita 3.0: 10W-60, ya sayi na juye biyu lokaci ɗaya daga wurin da ya amince da shi, ya ajiye a ɗaki inda rana ba ta dukan jarkar.